Hankakin Yiwu da Kabarin Malam Haladu

Duk ɗalibin da ya sauka Kuala Lumpur daga Arewa ya kama ɗaki a unguwar Danau Kota, ba ya daɗewa sai an kai shi wurin Na'Allah. Tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, fanka, cajar waya, labule, akwatin tafiya, darduma, duk suna nan jibge a falonsa har ba wurin sa ƙafa. In kuma ka gama karatu za ka koma gida, shi ne zai ɗaure maka kayanka ya sa a jirgin ruwa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, furfura ta cinye gemun, kuma ba ya son dogon ciniki. Sababbin zuwa cewa suke miskili ne. Miskili! Na'Allah? Ai ba su riske shi ba ne. A da, in ya buɗe baki a shagon mamak na ƙasan benensu, wurin Indiyawan nan masu shayi da gurasa, sai shayin kowa ya huce a kofi ba a sha ba.

Ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Gaya. Mahaifinsa Malam Haladu mai gyaran keke ne a bakin kasuwa, mutum mai sanyin magana wanda hannunsa bai taɓa rabuwa da baƙin mai ba. Maza uku aka haifa kafin shi, duk suka koma tun suna goye, shi ya sa da ya zo aka ce wannan kam na Allah ne, a bar masa abinsa. Sunan ya bi shi. Bayansa sai mata, Ɗelu ce babbarsu. Uwarsu ta rasu tun yana sakandare. Shi kaɗai ne namiji a gidan, kuma ya san da haka, wani lokaci ma har ya fi ƙarfin sani.

Karatun difiloma ya kawo shi Malesiya. Karatun bai je ko'ina ba, amma idonsa ya buɗe. Ya lura kowane ɗalibi yana zuwa da buƙata iri ɗaya, kuma duk kayan da ake sayarwa a manyan kantunan Bukit Bintang da tsada, daga gari ɗaya suke fitowa a ƙasar Sin, garin da 'yan kasuwarmu ke kira Iwu, masu shi kuma suna cewa Yiwu. Wanda ya fara kai shi can wani dattijon Basine ne ɗan Malesiya, Mista Khoo, mai fito da kaya daga tashar jiragen ruwa. Shi ne tafintansa, shi ne kuma mai hana a cuce shi.

A wannan tafiya ta farko ne, suna cikin mota daga filin jirgi, Na'Allah ya nuna wani ƙaton allo mai zane biyu na rubutun Sinawa ya ce, "Mista Khoo, wai me sunan garin nan yake nufi? Kasuwa?"

Mista Khoo ya yi dariya. Ya ce ba kasuwa ba. Zanen farko, in ji shi, yana nufin riƙon amana da yin abin da ya kamata. Na biyun kuwa hankaka ne. Sai ya ba shi labarin yadda mutanen garin ke bayar da shi. Wai a zamanin da, akwai wani talaka futuk mai suna Yan Wu, shi da tsohon ubansa kaɗai. Uban ya mutu, ba dangi, ba mai taya shi. Ya haƙa rami da hannunsa, ya dinga ɗebo ƙasa yana rufewa har ƙarfinsa ya ƙare. Sai ga hankaki garke guda, kowanne da ɗan guntun ƙasa a baki, suna zubawa suna komawa, har kabarin ya tashi, bakunansu duk sun fashe suna jini. Shi ya sa tsohon sunan garin Wushang, wato raunin hankaki. Daga baya aka mai da shi Yiwu, hankaki masu amana.

Labarin nan ya shiga Na'Allah har ɓargo. Ya ce, "Ikon Allah! Mu ma ai a wurinmu hankaka ne ya koya wa ɗan Adam binne gawa." Mista Khoo ya ce to ka gani, tsuntsu ɗaya ne, makaranta biyu ya yi.

Tun daga nan labarin ya zama nasa. Ba wanda zai sayi ko da cokali a hannunsa bai ji shi ba. Yana yi yana ƙara gishiri: yau hankakin ɗari ne, gobe sun rufe rana. In suka je unguwar Brickfields yin awon kayan yaji, ya ga hankakin garin, baƙaƙe wuluk ba farin ƙirji irin namu, suna yamutsa bola, mutane na korarsu, sai ya ce, "Ku bar su, ba ku san su waye ba." Kuma kullum da magana ɗaya yake rufewa, yana buga tebur: "Ɗa ke nan! Wanda bai rufe ubansa da hannunsa ba, me ya yi a duniya?" Matarsa Jumai, wadda ya auro daga Kano ya kawo, ta ji labarin har ta haddace. Takan ce, "Abban Hanifa, don Allah ka bar baƙi su ci abinci, hankakin nan ba guduwa za su yi ba."

Ana nan, wata rana da azahar yana ɗaure kwalaye, sai ga wayar Ɗelu. Kuka kawai take. Malam Haladu ya yi sallar asuba, ya ce ƙirjinsa na masa nauyi, ya kishingiɗa, shi ke nan. Lokacin fasfon Na'Allah na ofishin shige da fice ana sabunta masa izinin zama. Ko da yana aljihunsa ma, wa zai ajiye gawa a jira mai zuwa daga Malesiya? Kafin a kira magariba a Danau Kota, an kai Malam Haladu an dawo. Wannan ba laifin Na'Allah ba ne, ba kuma wanda ya taɓa cewa laifinsa ne. Amma shi ya zauna a gefen gado, maganar da yake buga tebur da ita tana dawo masa a kunne, ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

Bayan an yi bakwai Ɗelu ta sake kira. Ta ce Baba Tanimu ne ya aiko ta. Malam Tanimu aminin mahaifinsu ne tun suna yara, maɗinki, rumfarsa na jikin ta mai keke. Shi ya shiga kabarin ya karɓi gawar, shi ya jera itace.

"Yaya, ya ce a sa mai walda ya yi ɗan allon ƙarfe a kafa, don kada wurin ya ɓace. Kuma in damina ta matso, a ƙara masa ƙasa."

Nan fa Na'Allah ya miƙe tsaye. "Wane mai walda? Gwangwanin da zai yi tsatsa a damina ɗaya? Ɗelu, ki saurare ni da kyau. Kada kowa ya kafa komai. Kada kowa ya zuba ko da tafin ƙasa. Ban rufe shi ba, to gyaran nawa ne. Ni ne ɗansa. Da hannuna zan yi."

"Yaya, yaushe za ka zo?"

"Da zarar fasfo ya fito."

Jumai na tsaye bakin ƙofa tana ji. Da ya ajiye wayar ta ce, "Abban Hanifa, ka bari su sa nasu mana. In ka je sai ka cire ka sa naka. Me ya ragu?" Ya juyo ya ce mata maganar maza ce, ta koma kicin. Kai, Na'Allah! Da ya ji ta ranar nan, da duk wannan labari bai taso ba.

A ƙauyensu, duk shekara kafin ruwa ya sauka, maza kan yi gayya su shiga maƙabarta da fartanya da kwanduna. A cire ciyawa, a toshe ramukan gafiya, kabarin da ya lotsa a ɗaga shi. Ba a tambayar na wane ne. Shekarar farko da matasa suka iso kan na Malam Haladu, Malam Tanimu ya tare su. Ya ce wannan ɗansa ya ce a bar masa, yana hanya. Suka tsallake. Mutumin kirki ne, an ba shi amana ya riƙe, bai san amanar ce za ta zama masa kaya ba.

Fasfo ya fito. Sai Na'Allah ya ce ba zai je hannu rabbana ba, sai da allon da ya dace da mahaifinsa. Ya hau jirgi ya tafi Yiwu. Ya zaga rumfunan masu ƙarfe har ya samu irin farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, aka zana masa sunan Malam Haladu da boko da ajami. Abu ya yi kyau, ba ƙarya. Ya dawo da shi Danau Kota, ya nuna wa duk wanda ya shigo, sannan ya naɗe shi a tsohon zanen Jumai ya ɗora bisa kabad. Ya ce bayan sallah.

Bayan sallah sababbin ɗalibai suka sauka, kasuwa ta buɗe. Sai Jumai ta sake samun ciki mai laulayi. Sai kwantenarsa ta maƙale a tasha. Kowane dalili in ka ɗauke shi shi kaɗai, dalili ne na gaske, ba wanda zai ce ƙarya yake. Amma abin haushin, a cikin shekarun nan Yiwu bai taɓa gagarar sa ba. Yana zuwa yana dawowa kamar mai zuwa Wudil cin kasuwa. In Jumai ta yi magana sai ya ce ai Sin nan kusa ce, gida kuwa tafiya ce ta shiri, ba a yi mata gaggawa. Gaskiyar da bai faɗa wa kowa ba ita ce, tsoro yake ji. Muddin bai je ba, yana nan a matsayin ɗa mai niyya. Ranar da ya tsaya gaban tudun ƙasar nan kuwa, ya tabbata wanda wasu suka rufe wa uba.

Labarin hankaki kuwa bai fasa ba, sai ma abin da ya ƙaru. Yanzu har da nasa a ciki: yadda zai sauka, ya tuɓe riga, ya ɗebi ƙasa a kwando a ka, ba zai yarda kowa ya taya shi ba. Ɗalibai su ce, "Allah ya ba da iko, Oga." Wata rana Mista Khoo na wurin, ya gama ji, ya kurɓi shayinsa ya ce, "Na'Allah, mu duk shekara muke zuwa share kaburburan iyayenmu, rana guda ce, ko ana ruwa. Ba ma jiran sai mun shirya." Na'Allah ya yi dariya ya ce al'ada ta bambanta.

Sai annobar korona ta zo, aka rufe ƙasa ruf, ba shiga ba fita. Wannan kam ba yin kowa ba ne. Yana zaune a falo cikin kwalayen da ba mai saye, Ɗelu ta kira ta ce an yi ruwan da ba a taɓa gani ba, ya bi ta maƙabarta ya shafe gefen gabas. Ya yi saurin tambaya.

"Na Baba fa?"

"Baba Tanimu ya ce ya daidaita da ƙasa, amma shi ya san wurin. Duk Juma'a in an sauko yana zuwa ya tsaya a kai. Yaya, ka bari a ɗaga shi."

"Ke kin je kin gani?"

Ta ce, "Yaya, ni mace, ina ni ina maƙabarta? Ko ranar da aka fita da shi, a zaure muka tsaya."

Wannan ne abin da Na'Allah bai taɓa sawa a lissafi ba. Gidansu duk mata ne. Ba ɗaya cikinsu da ta taɓa taka wurin, ba kuma wadda za ta taka. Mazan da suka raka gawar, tsofaffin suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, matasan sun watse Legas da Abuja neman abinci, kuma wa zai riƙe kabarin uban wani a ka shekara da shekaru? Duk duniya wurin yana cikin idon mutum ɗaya. Amma maimakon ya ce a ɗaga, sai ya ce, "Tun da Baba Tanimu ya sani, ai shi ke nan. Ana buɗe hanya ina tafe."

Aka buɗe hanya. Kasuwa ta mutu a lokacin kulle, dole a tashe ta. Ya ce bari ya ɗan farfaɗo. Ɗelu ta kira ta ce Baba Tanimu ya daina ɗinki, zare ba ya shiga masa allura, yana cewa yana ganin hazo. Kun san abin da Na'Allah ya yi? Kwali ya buɗe, ya zaɓo tabarau na karatu kala-kala, ya ba wani ɗalibi mai komawa Kano ya kai. Har yana gaya wa Jumai cewa masu kyau ne, ba irin na bakin titi ba. Jumai ta dube shi ta ce, "Tabarau aka ce maka ana so?" Ranar ba su ƙara magana ba.

Abin da ya tashe shi a ƙarshe ba wani babban abu ba ne. 'Yarsa Hanifa ce, wadda aka haifa a nan, Hausarta duk ta cakuɗe da Turanci da Malayanci. An ba su aiki a makaranta kan ma'anar sunayen garuruwa, ta ce za ta rubuta na Yiwu tun da ta iya shi. Tana karanta masa abin da ta rubuta, ta zo ƙarshe, sai ta ɗago ta ce, "Abba, shi Yan Wu ɗin, da ya ce hankakin su bari sai ya huta ya yi da kansa, da ya zama yaya?" Ba da wata manufa ta tambaya ba, yarinya ce. Washegari Na'Allah ya sayi tikiti.

Ya sauka Kano, ya kama motar Gaya, ya isa ƙauye da hantsi. Ɗelu ta tsufa fiye da yadda waya ke nunawa. Ta rungume shi tana kuka tana dariya. Ko ruwa bai gama sha ba ya buɗe akwati zai ciro allon. Ta dafa hannunsa ta ce, "Yaya, bar shi tukuna. Je ka ga Baba Tanimu."

Ya same shi a zaure kan tabarma, ya rame, yana jan carbi. Na'Allah ya yi sallama ya durƙusa. Tsohon ya juyo da fuska, amma ba daidai inda yake ba, ɗan gefe. Idanun sun yi fari fat.

"Wane ne?"

"Ni ne, Baba. Na'Allah."

"Na'Allah na Haladu?" Ya miƙo hannu yana lalube har ya kama fuskarsa, ya shafa gemun. "Har ka yi furfura. To, alhamdu lillahi. Tashi mu je, kama ni."

Suka fita, tsohon na riƙe da kafaɗarsa. Tun a hanya yake ba shi kwatance da ƙarfin gwiwa. In an shiga ta ƙofar yamma, a miƙe har gindin darbejiya babba. Daga nan a juya dama, akwai wata aduwa mai reshe biyu. Kabarin na nan gabas da ita kaɗan, kusa da inda aka jingine fasasshen tulu.

Suka shiga. Na'Allah ya duba gabas, ya duba yamma. Ba darbejiya. An kewaye maƙabartar da katangar bulo, an sare itatuwan gefen don a samu hanyar gini, har kututturen an tone. Aduwa kuwa ga su nan birjik, ƙanana da manya, ba wadda ta fi wata. Gefen gabas fili ne shafe, ciyawa ta rufe, sababbin kaburbura sun shigo cikinsa nan da can ba tsari.

"Ka ga darbejiyar?"

"Baba, babu ita."

"A'a, tana nan. Duba dai. Babba ce, ba ta ɓuya."

"An sare, Baba."

Tsohon ya tsaya cak. Ya saki kafaɗarsa, ya yi gaba shi kaɗai yana jan ƙafa a ƙasa, wai ko tafin ƙafarsa zai gane abin da ido ya daina gani. Ya yi nan, ya dawo, ya yi can. Ya durƙusa ya shafa ƙasa, ya tashi. Ƙaya ta kama masa riga, Na'Allah ya cire. Rana ta take, gumi na zuba daga haɓarsa, yana ta cewa, "Nan ne fa. Ko nan. Tsaya, bari in sake daga ƙofa." Suka koma ƙofa suka sake. Suka kuma sakewa. Na'Allah ya tambayi mai gadin wurin, ya ce shi bai daɗe da kama aiki ba. Na'Allah ya roƙi tsohon su tafi gida ya huta, ya ƙi.

Can dai ƙafafunsa suka gaza, ya zauna daɓas a cikin ciyawa. Ya lalubo hannun Na'Allah ya riƙe da hannu biyu. Hawaye na fita daga fararen idanun nan.

"Na'Allah, ka yafe mini. Wallahi na riƙe maka shi. Duk Juma'a ina zuwa, ban bari kowa ya taɓa ba, kamar yadda ka ce. Yara sun so su ɗaga shi, na hana. Na yi ta riƙewa, idon ne ya ƙi jira. Ka yafe mini, ɗana, na ɓatar maka da uba."

Na'Allah ya so ya ce ba kai ba ne, Baba, ni ne. Ya so ya faɗi ko da kalma ɗaya. Mutumin da ya shekara goma yana cika shagon mamak da surutu, ranar muryarsa ta ƙi fita. Ya durƙusa a gaban tsohon, kansa a ƙasa, Malam Tanimu kuwa bai fasa neman gafararsa ba.